Yadda Ake Kafa Sana'ar Jus na Kwalba a Najeriya, Daga Haɗi Zuwa Lambar NAFDAC

Duk wanda ya shiga Kasuwar Singa a Kano ana saura 'yan kwanaki a kama azumi zai ga katan-katan na lemon kwali an jibge su har rufi, 'yan dako suna ta lodi a motocin da za su nufi Katsina da Gusau da Haɗeja. Ka ɗauki kwali ɗaya ka juya bayansa, za ka tarar a cikin ƙasar nan aka cika shi, galibi a Legas ko Ogun. Dalilin haka doka ce. Tun farkon shekarun 2000, a zamanin Obasanjo, gwamnati ta hana shigo da ruwan 'ya'yan itace da aka riga aka zuba a kwali ko kwalbar sayarwa, kuma ya shiga jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta. Abin da aka bari shi ne shigo da kakkauran ruwan a manyan duro, a zo nan a tsinka shi a cika.

Wannan doka ita ta raya manyan kamfanoni irin su Chi mai Chivita, wanda Coca-Cola ta sayi kashi 40 cikin ɗari nasa a 2016, sannan ta mallake shi gaba ɗaya a 2019, da kuma 5Alive na ita Coca-Colar. Sai dai akwai abin da ke damuna a ciki. Mafi yawan abin da ake cikawa a kwalayen nan daga kakkauran ruwan waje ake haɗa shi, alhali lemon Binuwai yana ruɓewa a gindin bishiya a Gboko da Ushongo, mangwaro kuma a watannin zafi ana sayar da kwando a kuɗin da bai kai na mota ba. An buɗe masana'antar Teragro a Makurɗi a 2012 domin sarrafa lemo da mangwaro da abarba, amma masana'anta ɗaya ba za ta shanye amfanin jiha guda ba, balle na ƙasa.

Ƙaramin mai jari ba zai iya gogayya da waɗannan kamfanoni a farashi ko a talla ba, kuma kada ya gwada. Injin cika kwali irin na Tetra Pak ya fi ƙarfin aljihunsa nesa ba kusa ba. Inda yake da gurbi shi ne abin da manya ba su damu da shi ba: tsamiya, gwaiba, 'ya'yan kuka, abarba da citta, mangwaro na gaske mai kauri, da kuma kasuwar kusa, wato otal-otal, makarantu, wuraren biki da kantunan unguwa. Ga yadda ake bi.

Da farko, ka yanke abin da za ka zuba a kwalbar

Mutane da yawa suna farawa da neman suna mai daɗi da zanen lebul. Wannan shi ne na ƙarshe. Abin da ya kamata ka fara tsayarwa shi ne rukunin kayanka, domin doka ba ta ɗauki duk abin sha mai ɗanɗanon ɗan itace a matsayin abu ɗaya ba, kuma rukunin da ka zaɓa shi zai yanke maka tsadar haɗi, da abin da za ka rubuta, da gwajin da za a yi maka.

Rukuni uku ne. Akwai jus tsantsa, wanda ruwan ɗan itacen ne zalla, ko an matse shi kai tsaye, ko an mayar wa kakkauran ruwan da daidai ruwan da aka cire masa. Akwai nekta, wanda ake haɗa ruwa ko ɓargon ɗan itacen, wato namansa da aka niƙa, da ruwa da sukari, amma da mafi ƙarancin kason da dole a cika. Sai abin sha mai ɗan itace, wanda kasonsa bai kai na nekta ba, har zuwa wanda ƙamshi da kala ne kawai.

NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tana da doka ta musamman kan jus da nekta, kuma tana tafiya ne a kan ma'aunin duniya na Codex mai lamba 247 na shekarar 2005. A wannan ma'auni, nektar mangwaro da ta gwaiba dole su ƙunshi aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ɗan itacen, ta abarba kashi 40, ta lemon zaƙi kashi 50. Jus ɗin da aka tsinka daga kakkauran ruwa kuma ana auna shi da ma'aunin Biriks, wato yawan sukari da sauran abin da ya narke a cikin ruwan: lemon zaƙi tsakanin 11.2 da 11.8, abarba 12.8, mangwaro 13.5, gwaiba 8.5. Haka nan ba a yarda a ƙara sukari da sinadarin tsami a lokaci guda a cikin abin da aka kira jus ba, domin da waɗannan biyun ne ake ɓoye ruwan da aka yi algus da shi. Ka sauko da dokar NAFDAC ɗin daga shafinta ka karanta ta da kanka, da ita za a yi maka hukunci.

Shawarata ga mai farawa ita ce nekta. Mangwaro da gwaiba dama kaurinsu ba ya shayuwa sai an tsinka, kuma lissafin riba ya fi fita. Jus tsantsa na lemo yana cin kaya sosai: kilo goma na lemo bai cika ba ka fiye da lita huɗu zuwa biyar ba, sannan wasu irin lemon ruwansu yakan yi ɗaci bayan 'yan awoyi da matsewa, musamman idan an dafa.

Takardun kamfani da na suna

Wannan ɓangare ba shi da wuya, sai dai shi ake fara nema a kowane ofis. Ka yi rajistar kasuwancinka da hukumar CAC, ko sunan kasuwanci ko cikakken kamfani, ka sami lambar biyan haraji. Sai ka kai sunan kayanka ofishin rajistar tambarin kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya. Abubuwan sha marasa barasa suna aji na 32. A sa a bincika maka ko wani ya riga ka sunan kafin ka kashe ko kwabo wajen buga lebul. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma shekara 14.

Wurin aiki: ka je NAFDAC kafin ka sa bulo

Nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Mutum zai gina ɗaki ya shafe shi da tayil, ya sayo inji, sannan ya gayyato masu duba wuri, su ce masa ƙofar nan ba a nan ya kamata ta kasance ba. NAFDAC tana da ofis a kowace jiha. Ka ɗauki zanen wurin a takarda ka je ka nuna, ka faɗi abin da za ka yi da yawan da kake sa ran yi, su gaya maka rukunin masana'antar da ka faɗa da sharuɗɗanta. Wannan ziyara ɗaya tana iya tsare maka kuɗin rushe bango.

Abin da suke dubawa a bayyane yake. Wurin ya yi nesa da juji, da kwata a buɗe, da mahauta, da garken dabbobi. Kada ya zama ɗakin girkin gida, kada masai ya buɗe kai tsaye zuwa ɗakin aiki. A sami ɗakin canza kaya inda ma'aikaci zai wanke hannu ya sa riga da hula da takalmin aiki, da ma'ajiyar ɗanyen kaya, da ma'ajiyar kwalabe da murafe, da ɗakin haɗi da cikawa, da ma'ajiyar kayan da aka gama. Tafiyar kaya ta zama hanya ɗaya: ɗanye ya shigo ta wannan ƙofa, gamamme ya fita ta waccan, kada kwandon mangwaro mai ƙasa ya gifta ta gaban kwalbar da ake cikawa. Daɓe da bango su zama masu wankuwa, ruwan wanki ya gangara zuwa magudana mai rufi, tagogi da raga, kaya a kan katako ba a ƙasa ba.

Duk abin da zai taɓa jus ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa ko roba ta abinci. Tukunyar dalma da ake dafa abincin biki da ita ba ta da wuri a nan, domin tsami yana cin ta ya shiga cikin abin sha. Ma'aikata kuma sai sun yi gwajin lafiyar masu taɓa abinci a asibiti, ana sabuntawa duk wata shida, kuma a ajiye takardar feshin maganin ƙwari daga masu lasisi. Mai kula da haɗi ya zama wanda ya karanci kimiyyar abinci ko makamancinta, za a nemi takardunsa.

Idan jarinka bai kai ginin ba, akwai mafita da mutane ba su cika sani ba. Kana iya ƙulla yarjejeniya a rubuce da masana'antar da ta riga ta cika sharuɗɗa, ta riƙa yi maka kayanka da sunanka, ka gabatar da yarjejeniyar wajen rajista. Cibiyoyin renon fasaha na gwamnatin tarayya da ke jihohi ma suna ba masu farawa wuri. Domin koyon aikin kansa, cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi a Legas tana koyar da sarrafa 'ya'yan itace, cibiyar binciken 'ya'yan itace da kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan kuma tana da reshe a Bagauda.

Ruwa da kayan haɗi

Fiye da rabin abin da ke cikin kwalbar nekta ruwa ne. Ruwan burtsatse, duk yadda ya yi garau a ido, sai ya bi ta matatar yashi, da ta gawayi, da ƙananan matatai, da fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta, ya dace da ma'aunin ruwan sha na ƙasa mai lamba NIS 554. A kai shi gwaji kafin a fara, a kuma riƙa maimaitawa, musamman bayan saukar damina.

Kan kayan haɗi kuwa, Kano ta ga abin da ba za a manta ba. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitoci suna amai da fitsarin jini, wasu suka rasa rayukansu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da garin lemo da ɗan tsami. Binciken NAFDAC ya gano cewa wani sinadari mai guba ne aka sayar a matsayin ɗan tsami, ga kuma garin da wa'adinsa ya wuce. Waɗanda suka haɗa abin shan ba su yi niyyar cutar da kowa ba, gari suka saya suna zaton ɗan tsami ne. Don haka ɗan tsami, da sinadarin hana lalacewa, da kala, da ƙamshi, kada ka saye su sai a buhunsu ko galan ɗinsu na asali, da sunan kamfani, da lambar zubi, da ranar ƙarewa, da takardar gwaji daga dillalin. Wanda ya ce maka ba shi da takarda, ka bar masa kayansa. Ka kuma tambayi abin da aka narkar da ƙamshin a ciki, domin wasu da barasa ake narkar da su, masu sayenka kuwa za su so su sani.

'Ya'yan itace a saye su nunannu da kansu. NAFDAC ta sha gargaɗi kan nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabaid na masu walda. Irin wannan mangwaro za ka gan shi rawaya shar a waje, ciki kuwa tsami da gautsi, ba ƙamshi. A Kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa za ka sami kaya daga ko'ina, amma idan aikin ya kankama gara ka ƙulla da manoma kai tsaye. Mangwaro marar zare irin Julie da Peter ya fi ba da ɓargo. Ka kuma tuna cewa kakar mangwaro 'yan watanni ce, mai sayenka kuwa shekara yake sha. Ko dai ka tanadi ɓargo a daskare, ko ka jera kayanka bisa kaka: mangwaro da zafi, gwaiba bayan damina, lemo da sanyi, tsamiya kowane lokaci tunda tana ajiyuwa.

Haɗi da dafawa

Kayan awo huɗu ba a yin aikin nan sai da su: sikeli, ma'aunin zafi, na'urar auna tsami wato pH, da ƙaramar na'urar auna Biriks wadda ake ɗiga mata ɗigo ɗaya a leƙa ta cikin haske. Harshe ba ma'auni ba ne. Mangwaron yau da na jibi ba zaƙinsu ɗaya ba, mai saye kuwa ɗanɗano ɗaya yake nema kullum.

Ga misalin lissafi. Kana son kilo 100 na nektar mangwaro mai kashi 30 na ɓargo, zaƙinta ya tsaya a Biriks 13. Ka auna ɓargonka ya nuna 15. Kilo 30 na ɓargon ke nan ya zo da kilo 4.5 na sukarinsa. Ana buƙatar kilo 13 gaba ɗaya, saboda haka za ka ƙara kilo 8.5 na sukari. Sai ɗan tsami kaɗan-kaɗan kana aunawa, ragowar kuma ruwa har sikeli ya cika 100. Gobe idan ɓargon ya nuna 13, sukarin da za ka ƙara ya zama kilo 9.1. Idan da kakkauran ruwan lemo kake aiki, wanda yawanci yake zuwa a wajen Biriks 65, kilo ɗaya yana ɗaukar kusan kilo huɗu da rabi na ruwa kafin ya dawo jus. Abin da ya wuce haka ya fita daga sunan jus.

Lambar da ta fi kowace muhimmanci ita ce pH 4.6, kuma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ke nuna tsami mai yawa. A ƙasa da ita, ƙwayar cutar nan mai haifar da guba mai shanye jiki a abincin da aka rufe ba ta iya tsiro, kuma dafawa ta ƙasa da tafasa ta isa. A sama da ita, dafawar tukunya ba ta wadatar ba. Masu aikin suna saukar da nasu zuwa wajen 4 ko ƙasa domin su bar tazara. Lemo da abarba da tsamiya suna da tsaminsu, nunannen mangwaro yakan buƙaci ƙari. Kankana kuwa tana sama da 5, kuma zafi yana ɓata mata ɗanɗano. Duk arhar kankana a Jigawa da Yobe, ban ba mai farawa shawarar ya fara da ita ba. Matsalar kunun aya ma ke nan, shi ya sa ba ya kwana sai a firji.

Tsarin aikin shi ne: a tsince ruɓaɓɓu, a wanke da ruwan da aka sa wa kulorin daidai gwargwado a ɗauraye, a fere, a matse ko a niƙa a tace, a haɗa, a auna, sannan a dafa. Ana kai zafin zuwa maki 85 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas, a tukunya mai riɓi biyu wadda ruwan zafi ko tururi ke zagayawa a tsakani, domin wuta kai tsaye tana ƙona gindin ta ba shi ɗanɗanon ƙauri. A cika kwalba da zafinsa, a rufe nan take, a kwantar da ita minti biyu zuwa uku domin zafin ya kashe abin da ke jikin murfi, sannan a sanyaya da ruwa. Kada a bar kwalabe su huce da kansu a cikin katan, kala za ta dushe, ƙamshi ya tafi.

A nan ne zaɓin kwalba yake shigowa. Robar da ake zuba ruwan sha a ciki ba ta jure wannan zafi, za ka ga ta lanƙwashe a hannunka wuyanta ya karkace. Ko dai ka sayi roba ta musamman da aka yi domin cikawa da zafi, ko gilashi, ko kuma ka sanyaya kafin cikawa, wanda hakan yana buƙatar tsafta mai tsanani da sinadarin hana lalacewa. Tsofaffin robobi da yara ke tsintowa a wuraren biki, waɗanda ake zuba zoɓo a ciki, ba su da hanyar samun rajista, kuma hanya ce ta yaɗa cuta.

Sinadaran hana lalacewa da aka fi amfani da su su ne benzowet da sobet. Suna aiki ne a cikin abin sha mai tsami, kuma kowanne yana da iyakar da doka ta yanka, da sikeli mai auna giram ake zuba su. Akwai tarko ɗaya: benzowet idan ya haɗu da bitamin C, ga zafi ga hasken rana, yana iya haifar da sinadarin benzin mai jawo ciwon daji. Batun ya kai har kotu, inda a 2017 wata babbar kotun Legas ta umarci NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗi a jikin Fanta da Sprite game da shan su tare da bitamin C. A ƙasar da ake jera kaya a rana a bakin titi, idan haɗinka yana da bitamin C, sobet ya fi kwanciyar hankali.

Ranar ƙarewa ba a ƙirƙirar ta

Ka yi zubin gwaji, ka ajiye kwalabe a yanayin da za su tarar a kasuwa, wato shago mai rufin kwano a watan Afrilu, ba ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba. Duk mako ka buɗe ɗaya ka duba kala da ƙamshi da pH. Kwalbar da gindinta ya kumbura, ko ta yi tsit da ka murɗa murfi, yis ya kama ta, akwai inda tsafta ko zafi ya gaza. Ka kuma kai samfur ɗakin gwaji na masanin da ke da rajista da cibiyar IPAN ta masu gwajin abinci da magunguna, ya ba ka takardar sakamako kan ƙwayoyin cuta da sinadarai. Wa'adin da gwaji ya tabbatar shi za ka rubuta, har ka rage kaɗan.

Lebul

Dokar lakabin abinci ta 2022 ita ke aiki. Dole lebul ya nuna sunan kayan na gaskiya bisa rukuninsa, da jerin kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, da yawan abin da ke ciki a mililita ko lita, da sunan mai yi da cikakken adireshin masana'anta, da lambar zubi, da ranar yi da ranar ƙarewa, da yadda za a ajiye, da bayanin sinadaran gina jiki, da gurbin lambar NAFDAC. Nekta ta faɗi kason ɗan itacen da ke ciki, wanda aka tsinka daga kakkauran ruwa ya faɗi haka. Bayanin dole ya kasance da Turanci, amma ba abin da ya hana ka ƙara Hausa, kuma ina ganin ya kamata, tunda masu shan ne za su karanta.

Kada ka rubuta cewa yana maganin hawan jini ko ciwon suga ko basir. Da zarar ka yi da'awar magani ka fita daga layin abinci. Kada ka cika lebul da hoton lemo alhali ƙamshi ne kawai a ciki, kada ka ce ba a ƙara sukari ba alhali ka zuba. Kuma ka buga 'yan kaɗan kawai na gwaji, domin sai NAFDAC ta duba ta amince, sau da yawa kuma takan ce a gyara wani abu.

Neman lambar

Dokar rajistar abinci da magunguna, wadda ta samo asali tun 1993, ta hana yi ko sayarwa ko tallata abincin da aka sarrafa ba tare da rajista ba. Ana nema ne ta intanet a manhajar hukumar mai suna NAPAMS. Za ka buɗe asusu da bayanan kamfaninka, ka cika bayanin kayan, ka ɗora takardu: ta CAC, ta tambari, zanen lebul, sakamakon gwaji, takardun lafiyar ma'aikata da na feshi, jerin injuna, da rubutaccen tsarin yadda kuke haɗi da wanke kaya da janye kaya daga kasuwa idan matsala ta auku. Kuɗi ta Remita ake biya zuwa asusun gwamnati, ba a hannun wani ba. Kowane kaya da rajistarsa: mangwaro daban, abarba daban. Shi ya sa ya fi kyau ka fara da ɗaya ko biyu.

Ranar duba wuri suna so su ga ana aiki, ba ɗaki a share an kulle ba. Za su bi layin tun daga ƙofa, su buɗe littattafanka, su tambayi ma'aikaci yadda yake wanke tukunya, su ɗebi samfur zuwa ɗakin gwajinsu, kamar na Kaduna ko na Oshodi. Idan suka ba ka takardar gyara, lissafin kwanakinka yana tsayawa har sai ka gyara, don haka kada ka jinkirta amsa. Ka ware watanni a lissafinka, da kuɗin haya da albashi na wannan lokaci da ba a sayar da komai. Idan lamba ta fito, shekara 5 take yi kafin sabuntawa, kuma ta wannan kaya ce a wannan wuri. Aron lambar wani ko ɗora lambar mangwaro a kan abarba laifi ne da ke jawo rufe masana'anta.

Sauran hukumomi

Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana da shirin MANCAP na kayan da aka yi a cikin gida, suna duba masana'anta su gwada kaya su ba da tambarin inganci, ana sabuntawa duk shekara 3. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha da aka ƙara wa zaƙi, an fara karɓa a 2022 ta hannun kwastam, kuma ana ta kiraye-kirayen a ƙara shi, saboda haka ka je ofishinsu ka ji matsayin kayanka kafin ka yanka farashi. Talla a rediyo ko talabijin ko allon titi tana buƙatar amincewar NAFDAC da ta hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace. Manyan kantuna kuma za su nemi lambar layi-layi da ake haskawa a wajen biya, wadda GS1 Nigeria ke bayarwa, lambobin Najeriya suna farawa da 615.

Shiga kasuwa

Lissafin farashi a kan kwalba ɗaya ake yin sa, kuma abin da ke ba masu farawa mamaki shi ne roba da murfi da lebul da leda da man janareta sukan ci kusan abin da ɗan itacen ya ci, wani lokaci fiye. Ka sa ribar dillali da ta mai shago a ciki, ka sa kason kayan da za su dawo. Ƙaramar kwalba ta fi saurin tafiya, domin yawancin masu saye abin da za su shanye a tsaye suke nema. Kasuwa tana tashi da zafi da azumi da lokacin bukukuwa, tana kwanciya da sanyin hunturu, don haka kada ka cika ma'ajiya a watan Disamba da kaya mai gajeren wa'adi.

Manyan kantuna suna karɓar kaya amma biyansu sai bayan makonni, kuma abin da bai sayu ba naka ne. Mai ƙaramin jari ya fara da inda kuɗi ke dawowa da wuri, ya ba da bashi kaɗan ga wanda ya sani.

Kowane zubi ya sami shafinsa a littafi: ranar yi, inda aka sayo ɗan itacen, lambar buhun sukari da na ɗan tsami, Biriks, pH, zafin da aka kai, yawan kwalabe, da sunan duk dillalin da aka ba. Ka ajiye kwalabe biyu ko uku daga kowane zubi har wa'adinsu ya wuce. Ranar da mai shago ya kira ya ce kaya sun kumbura, lambar da ke jikin kwalbar za ta nuna maka zubin, littafin ya nuna maka shagunan da sauran suke, ka aika a kwaso su a ranar, sannan ka kai kwalbar da ka ajiye ɗakin gwaji a gano inda aka kuskure.